Salahuddin Ayyubi: Bakurden da kowane fim ke sake wa kama

Duk wanda ya kalli Kingdom of Heaven, fim ɗin Ridley Scott na 2005, zai tuna da ɗan wasan Siriya Ghassan Massoud cikin baƙaƙen kaya, yana shiga Ƙudus bayan ya sallami mutanen birnin ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Abin yana sanyaya zuciya. Sai dai Salahuddin na tarihi ya karɓi kuɗi, kuma a fili aka yi cinikin.

Sunansa na yanka Yusuf. An haife shi wajen 1138 a Tikrit, cikin Iraƙi ta yau, a gidan Kurdawa. Mahaifinsa Ayyub da baffansa Shirkuh barorin gidan Zanki ne, Turkawan da ke mulkin Mosul da Halab. Shirkuh ne ya ja shi Masar a rundunar da Sarki Nuruddin ya tura, kuma da Shirkuh ya rasu a 1169, sai halifan Fatimiyawa ya naɗa saurayin waziri, ana ganin zai yi sauƙin juyawa. Lissafin bai fita ba. A wannan shekarar ce aka murƙushe rundunar baƙaƙen fata ta halifan, mutanen Nubiya da ƙasashen Sudan, aka cinna wa unguwarsu wuta a Alƙahira. Daga manyan finafinan da aka yi a kansa, ba wanda ya tsaya a wannan babi. A 1171 ya kawo ƙarshen daular Fatimiyawa, aka mayar da huɗuba da sunan halifan Abbasiyawa na Bagadaza.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da masu son labari mai tsabta suka fi ƙin ji. Nuruddin ya rasu a 1174, ya bar ɗa ƙarami. Salahuddin ya shiga Dimashƙa da sunan kare yaron, ya auri matar ubangidansa, sannan ya shafe kusan shekara goma sha biyu yana karawa da sarakunan Musulmi. Ya karɓi Halab a 1183, Mosul ta yi mubaya'a a 1186. Magoya bayansa sun ce haɗa kai ne domin jihadi. Mutanen gidan Zanki kuwa sun ɗauke shi bara ne da ya ƙwace gadon marayan maigidansa. Shi ma ya san darajar alƙalami. Marubutansa, irin su Alƙali Fadil da Imaduddin, ba su gaji da aika wasiƙu Bagadaza suna bayyana kowane yaƙi a matsayin mataki zuwa Ƙudus ba. Ke nan tun yana raye aka fara gyara hotonsa.

Ƙudus ɗin dai ya isa. Ranar 4 ga Yuli 1187, a Hattin, ya raba rundunar Turawan Salibiyya da ruwa, ya karya ta. Ya bar Sarki Guy da rai, amma ya sare Reynald mai tare ayari da hannunsa, aka kuma karkashe mayaƙan Templar da Hospitaller da aka kama. Ranar 2 ga Oktoba birnin ya miƙa wuya, shekara 88 bayan Turawa sun shige shi da kisan kiyashi. Sharaɗin shi ne fansa: dinari 10 kan namiji, 5 kan mace, ƙasa da haka kan yaro. Baliyan, wanda fim ya mayar maƙeri daga Faransa alhali basarake ne haifaffen yankin, ya biya dinari 30,000 a madadin talakawa 7,000. Salahuddin da ƙaninsa Adil sun 'yanta wasu da yawa kyauta. Dubban da suka rage aka kai su bauta. Idan aka auna da 1099, ko da fursunoni kusan 2,700 da Richard na Ingila ya yanka a Akka a 1191, sassaucin na gaske ne. Bai buƙatar ƙarin gishiri.

Gishirin kuwa bai fara daga Hollywood ba. A 1963 Youssef Chahine ya fitar da An-Nasir Salahuddin a Masar, Ahmed Mazhar ne jarumi. Laƙabin An-Nasir nasa ne tun asali, amma ba wanda ya zauna a silima a lokacin bai tuna da Shugaba Gamal Abdel Nasser ba. Fim ɗin ya mai da shi jagoran haɗin kan Larabawa, ya yi shiru kan Kurdancinsa, ya kuma haɗa shi ido da ido da Richard, alhali mutanen biyu ba su taɓa ganawa ba. Ta hannun Adil da 'yan aike suka riƙa magana. Daga baya Saddam Hussein, ɗan yankin Tikrit, ya jera hotonsa da na Salahuddin a shekarun da sojojinsa ke hallaka Kurdawa. Scott kuma, shekara biyu bayan mamaye Iraƙi, ya buƙaci Musulmi mai haƙuri da zai nuna wa 'yan kallon Yamma, ya same shi.

Ƙarshen rayuwarsa ba na nasara ba ne zalla. Akka ta faɗi, Richard ya doke shi a Arsuf, sarakunan da ke ƙarƙashinsa sun gaji da zaman sansani. Sulhun 1192 ya bar masa Ƙudus, ya bar wa Turawa bakin teku, aka ba Kiristoci izinin ziyara. Ya rasu a Dimashƙa ranar 4 ga Maris 1193. Abin da aka samu a baitulmalinsa dinari ɗaya ne da 'yan dirhami, har sai da aka ranto kuɗin jana'iza, domin kyauta ta cinye dukiyar. 'Ya'yansa suka faɗa rikicin gado, Adil ya tattare mulkin. A 1229 ɗan Adil, Sarki Kamil, ya miƙa Ƙudus ga Sarki Frederick na Biyu ta hanyar yarjejeniya, ba a harba kibiya ko ɗaya ba.