Shehu Usmanu ɗan Fodiyo: malamin da bai bar almajirci ba

In aka ambaci Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mutane sai su tuna Sakkwato, ko su tuna yaƙin jihadi. Da yawa ba su san a nan ƙasarmu ta Nijar aka haife shi ba. Wasu kuma ba su taɓa jin cewa ya taka garin Agadez da ƙafarsa ba, yana saurayi, yana biye da malaminsa. To, labarin yadda ya nemi sani, da yadda ya gyara halinsa da kansa, shi ne za mu karanta yau.

An haife shi cikin watan Disamba na 1754 a Maratta, wani ƙauye kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yanzu. Lokacin nan ƙasar Gobir ce. Iyayensa Fulani ne, Toronkawa. Sunan mahaifinsa Muhammadu, ana ce masa Fodiyo, wato malami da Fulatanci. Mahaifiyarsa kuwa Hauwa. Yana ƙarami suka tashi suka koma Degel, wadda yau take cikin Najeriya. Can ya sauke Alƙur'ani gaban mahaifinsa.

Yara da yawa in sun sauke sai su rataye allo, shi ke nan karatu ya ƙare. Usmanu bai yi haka ba. Ya duba cikin danginsa, ya ga wani dattijo, Usmanu Binduri, mai tsoron Allah, mai faɗin gaskiya ko a gaban wa. Sai ya je ya zauna wurinsa. Ya karanta littafin fiƙihu mai suna Muhtasar. Amma ba littafi kaɗai ya kai shi ba. Ya zuba ido yana kallon yadda dattijon yake zama da mutane, yadda yake magana, yadda yake hani in ya ga ɓarna. Wajen shekara 2 yana koyi da shi, har halin malamin ya zama nasa. Kun ga ke nan hali ma koyonsa ake yi, kamar saƙa ko ƙira. Kuma shi ne ya zaɓi wanda zai koya wurinsa, ba wanda ya zaɓa masa.

Daga nan ya ji labarin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Babban malami ne, sananne a Agadez da ƙasar Adar, ya je Makka ya dawo, kuma mutum ne mai zafi a wa'azi. Usmanu ya je ya same shi. Ya bi shi kusan shekara guda, suna tafiya yana ɗaukar karatu, har suka iso Agadez.

Ku dubi abin da idon ɗan ƙauye ya gani. Ga fadar Sarkin Abzin. Ga babban masallaci na ƙasa, wanda aka gina tun wajen 1515. Ga ayarin raƙuma masu kawo gishirin Bilma, ga fatake daga arewa da kaya da littattafai. Agadez ƙofa ce: daga nan alhazai suke ratsa hamada su nufi Masar, su wuce Makka. Malam Jibrilu kuwa shirin komawa hajji yake.

Usmanu yana son Makka da Madina ƙwarai. Tun yana da shekara 20 ya tsara waƙa da Larabci, ta begen ziyartar kabarin Annabi. Yau ga shi a bakin hanya, ga malami, ga ayari. Sai dai mahaifinsa bai ba shi izinin tafiya hajji ba. Malam Jibrilu ya ce ya koma gida wurin mahaifinsa. Ya juya ya yi kudu, ayari ya yi gaba. Abin da wuya, duk wanda ya taɓa rasa abin da ransa yake so ya san haka. Amma bai zauna yana kukan hanyar da ta rufe ba. Ya koma Degel ya kama aikin da yake gabansa, wato koyarwa da wa'azi, wanda ya fara tun wajen 1774.

Akwai wani abu kuma game da shi da Malam Jibrilu. Malamin yana ganin Musulmin da ya aikata manyan zunubai ya fita addini. Usmanu ya bincika littattafai, ya ga ba haka ba ne. Ya rubuta ya bayyana cewa malaminsa ya yi kuskure a nan. Duk da haka bai daina girmama shi ba, yana yabonsa har ƙarshen ransa. Ya ɗauki mai kyau ya bar sauran. Wannan ba kowane almajiri yake iya shi ba.

Sunansa ya bazu. Ya je Kabi, ya zauna Zamfara wajen shekara 5, yana wa'azi da Fulatanci da Hausa don talaka ya gane. Jama'a suka fara ce masa Shehu. To, a nan ne abin mamaki yake. Wajen 1786, ya wuce shekara 30, ga iyali, ga almajirai, sai ya sake tanƙwashe ƙafa gaban wani malami, Muhammadu ɗan Raji, ya karanta littafin hadisi na Buhari. Shi da ƙanensa Abdullahi suka zauna cikin ɗalibai. Bai ce girmansa zai zube ba. Kai da ka shigo ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu, yara suna leƙe ta taga suna dariya, ka san ba kai ne farau ba.

Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labarin wata ɗabi'arsa. In zai fita wurin jama'a, sai ya ɗan tsaya cikin gida tukuna. Yana sabunta niyyarsa ne, yana roƙon Allah ya sa mutane su fahimci abin da zai faɗa. Sannan ya fito da fara'a, ya gaishe su. In an yi masa tambaya yana tsakiyar magana, sai ya tsaya ya amsa. Ba ya ƙosawa da wanda bai gane da wuri ba.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla, ya raba masu kyauta. An ce Shehu aka ba miskali 500 na zinariya. Ya ƙi karɓa. A madadin dukiya ya roƙi abu 5: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki ƴan kurkuku, a rage wa talakawa haraji. Sarki ya yarda. Da ya karɓi zinariyar, da bakinsa ya mutu, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ana kuma ba da labari cewa tufafinsa kaɗan ne, kuma yana tufka igiya a sayar, ya ci daga guminsa.

Bai bar mata a baya ba. Suna zuwa wurin karatunsa, har wani malami ya zarge shi a kan haka. Shi kuwa yana ganin barin mace cikin jahilci ya fi muni. A littafinsa Nurul Albab ya yi faɗa da mazan da suke koyar da almajiran waje, su bar matansu da ɗiyansu ba sani. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta zama malama mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa ƴan taru, matan da suke yawo ƙauyuka suna koyar da ƴan'uwansu mata.

Bayan Bawa, zama ya ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir. Cikin Fabrairu 1804 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka kama yaƙi da Sarki Yunfa. Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Yaƙi dai yaƙi ne: an rasa rayuka da yawa, an sha yunwa, an kama bayi. In ka je Tsibiri ko Maraɗi, inda jikokin sarakunan Gobir da na Katsina suka zauna, za ka ji labarin da wata fuska dabam, kuma ya kamata a saurare su. Shehu ma da kansa ya tsara waƙoƙi yana gargaɗin mutanensa da suka fara son dukiya da zalunci bayan nasara.

Da ƙasa ta zo hannunsa, bai zauna kan karaga ba. A 1812 ya raba aikin mulki biyu: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Bello. Shi kuma ya zauna Sifawa da tawada da alƙalami, yana koyarwa yana rubutu kamar yadda ya saba a Degel. Littattafan da ya bari sun fi 100, ban da waƙoƙi.

A 1815 ya koma Sakkwato. Ciwo ya kama shi, ya rasu ranar 20 ga Afrilu 1817, yana da shekara 62. Hubbarensa yana can, mutane suna ziyara daga Najeriya da Nijar. Makka kuwa bai samu zuwa ba. Agadez ita ce iyakar inda ya kai a kan wannan hanya.