DUKE KAHANAMOKU: ALLON DA YA CECI RAI TAKWAS

A filinmu na tarihin fitattun mutane na wannan mako mun leƙa nesa, tsibiran Hawayi da ke tsakiyar tekun Fasifik. Mu nan Zakirai ruwan da muka sani shi ne na rijiya da kududdufin damina, amma wannan labari yana da darasin da ya shafe mu.

An haifi Duke Kahanamoku a birnin Honolulu ranar 24 ga Agusta, 1890. Ya tashi a Waikiki, unguwar bakin teku, kuma bai kammala makaranta ba, domin ya fita neman abin da zai taimaki iyayensa. Tun yana yaro ya koyi iyo da wasan kakanninsa, wato hawa igiyar ruwa a kan allon katako. Kamar yadda masuntan Argungu suke kifa ciki a kan gora, haka mai wannan wasa yake kwanciya a kan allo yana tuƙi da hannu, sannan ya miƙe tsaye igiya ta kawo shi gaɓa.

Sai dai kafin ɗan koyo ya hau igiya, dole ya ƙetare wurin da igiyoyi suke fashewa, kuma a nan ne ake shan wuya. Da farko yakan tsaya a gaɓa ya karanci teku, saboda igiyoyi jere-jere suke zuwa, sannan su ɗan lafa. A wannan lafawar ake shiga. Kan allo yana fuskantar igiya kai tsaye, don in ta same shi a kaikaice za ta kifar da shi. In ƙarama ce, sai ya dafa allo ya ɗaga ƙirji, kumfa ta wuce ta ƙarƙashinsa. In babba ce, sai ya riƙe allon gam ya juye cikin ruwa, allon yana samansa, har ta wuce. Allon da Duke ya fi so ya kusa mita 5, nauyinsa kuma kilo 52, ya ɗara buhun taki. Ku auna irin juriyar da tura shi cikin igiya take buƙata.

A 1911 ya karya tarihin duniya a iyon yadi 100, amma jami'an wasanni na Amurka suka ƙi yarda da sakamakon. Bai yi musu ba, ya ci gaba da atisaye. A 1912 ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Sitokhom a ƙasar Suwidin, ya sake ci a 1920 a Beljiyam. A Disambar 1914 ya nuna wasan allo a bakin tekun Sidni, abin da ya sa wasan ya bunƙasa a Ostireliya.

Ranar da ta fi kowace a rayuwarsa ita ce 14 ga Yuni, 1925, a Kalifoniya. Teku ta yi haushi, ta kifar da wani jirgin kamun kifi mai suna Thelma. Duke ya ɗauki allonsa ya ratsa igiyoyin da suke fashewa, ya ɗora mutane ya kai su gaɓa, ya sake komawa. Shi kaɗai ya ceci mutum 8, abokansa suka ceci 4, mutum 5 suka rasu. Abin da ya koya yana yaro, ana kifar da shi yana tashi, shi ya yi rana. Bayan haka masu aikin ceto a bakin teku suka rungumi amfani da allo.

Daga baya mutanen Honolulu sun yi ta zaɓensa babban jami'in tsaronsu fiye da shekara 25. Ya rasu ranar 22 ga Janairu, 1968, yana da shekara 77.

'Yan'uwa, damina na tafe, kududdufai za su cika. Duke ya shiga ceto ne da ƙwarewa da kuma abin da yake yawo a kan ruwa. Wanda bai iya iyo ba, in ya ga wani yana nutsewa, kada ya faɗa. Ya yi ihu ya kira manya, ya miƙa sanda ko igiya, ko ya jefa jarka rufaffiya marar komai a ciki. Allah Ya tsare mu baki ɗaya, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta