Eric Hosking, Baturen da Mujiya ta Raba da Idonsa

A ƙasarmu idan yaro ya hangi mujiya bisa katanga, abin da zai fara nema shi ne dutse. Saboda haka watakila masu karatu su yi mamaki in sun ji labarin mutumin da mujiya ta tsone wa ido, amma yana samun sauƙi sai ya ɗauki kyamararsa ya koma gindin itacen da take, ya ci gaba da ɗaukar hotonta. Sunan wannan mutum Eric Hosking, kuma yana cikin waɗanda suka koya wa duniya cewa ana iya sanin tsuntsu sarai ba tare da an kashe shi ba.

An haifi Eric Hosking ran 2 ga watan Oktoba, 1909, a unguwar Chelsea cikin birnin Landan. A zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya iyayensa suka ƙaura zuwa unguwar Crouch End a arewacin birnin, nan kuwa ya zauna har ƙarshen ransa. Tun yana ƙaramin yaro abu biyu suka shiga ransa, watau tsuntsaye da ɗaukar hoto. Ya bar makaranta yana da shekara 15, ya kama aiki wajen masu cinikin motoci. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, sai aikin ya kuɓuce masa, ya zama ba shi da abin dogara sai kyamararsa. A lokacin nan ba a san ɗaukar hoton tsuntsaye a matsayin sana'ar da za ta ci da mutum ba, ana ganin abin shagala ne na masu hali. Duk da haka ya ƙudura a ransa da ita zai nemi abinci. Ya riƙa sayar wa jaridu da mujallu da masu wallafa littattafai hotuna, yana kuma zaga garuruwa yana ba da lacca, yana nuna hotunansa da majigi.

Domin a gane muhimmancin aikinsa, sai mu duba yadda ake nazarin tsuntsaye kafin zamaninsa. A da, in masani ya ga baƙon tsuntsu yana son ya tabbatar da irinsa, harbe shi yake yi, ya feɗe, ya cusa wa fatar auduga ya ajiye. Waɗansu kuma ƙwai suke kwashewa daga sheƙa su tara cikin akwati don alfahari. Manyan tsuntsaye irin su gaggafa da shaho su suka fi shan wahala, gama ba su da yawa, kuma ƙwan da suke sakawa a shekara kaɗan ne. Sai a 1954 aka kafa doka mai ƙarfi a Birtaniya wadda ta hana yawancin wannan ɓarna. Hoto mai kyau kuwa yana nuna baki da ƙafa da zanen gashin tsuntsu, masana su duba su yi gardama su daidaita, shi kuwa tsuntsun yana can yana kiwonsa.

Amma fa samun irin wannan hoto a wancan zamani ba wasa ba ne. Kyamarorin da Hosking ya fara aiki da su manya ne masu nauyi, a kan ƙafafu uku ake kafa su, kuma a kan farantin gilashi suke ɗaukar hoto, ɗaya bayan ɗaya. Ba su iya jawo abin da ke nesa kamar na yanzu, saboda haka dole mai hoto ya matso dab da sheƙa. Dabarar ita ce a kafa 'yar bukka ta kyalle kusa da wurin, a riƙa matso da ita kaɗan kaɗan cikin kwanaki har tsuntsu ya saba da ganinta. In sheƙar tana ƙwanƙolin itace, sai a gina doguwar rumfa, kamar wadda manoma ke yi don korar tsuntsaye a gonar dawa, a ɗora bukkar a bisa. Ranar aiki mutum biyu ke zuwa, ɗaya ya shige ciki, ɗaya ya juya ya tafi a fili. Tsuntsu ya ga mutum ya tafi, sai hankalinsa ya kwanta ya komo. Daga nan sai zaman jira, sa'o'i da yawa, ba tari ba motsi. Ƙa'idar da Hosking ya riƙe ita ce lafiyar tsuntsu tana gaba da hoto, domin in uwa ta tsorata ta guje wa sheƙa, ƙwai za su huce, 'ya'ya su mutu.

Cikin dukan tsuntsaye mujiya ya fi ƙauna, ita kuwa da dare take harkarta. Yana cikin mutanen farko da suka yi amfani da ƙwan fitila mai walƙiya don ɗaukar tsuntsayen dare. Kowane ƙwai sau ɗaya yake haskawa ya ƙone, sai a sake wani cikin duhu. Ran 12 ga watan Mayu, 1937, ranar da ake bikin naɗin Sarki Joji na Shida a Landan, Hosking yana ƙasar Wales wajen sheƙar wata mujiyar daji mai ruwan ƙasa. Irin wannan mujiya ta shahara wajen faɗa in tana da 'ya'ya, ga shi kuma gashin fukafukanta laushi gare shi, ba a jin tashinta. Yana komawa bukkarsa da tsakar dare sai ta kawo masa sura a fuska, farcenta ya shige idonsa na hagu. Ciwon ya ruɓe, likitoci suka ce ko dai a cire idon, ko kuwa ɗayan ma ya kamu ya makance ɗungum. Aka cire. Shekararsa 27 a lokacin, kuma da ido yake cin abinci.

Wani in wannan ya same shi, shi da daji har abada. Hosking kuwa bai ga laifin mujiyar ba, don ya san 'ya'yanta take karewa. Jaridun Ingila suka baza labarin, sunansa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga aiki da sabuwar fitilar lantarki wadda walƙiyarta ta fi ƙiftawar ido sauri nesa ba kusa ba. Aka haɗa ta da wata na'ura mai jefa siririn haske a hanyar tsuntsu, da ya gitta hasken sai kyamara ta ɗauka da kanta. Ta haka mutane suka ga yadda fiffike ke buɗewa da lanƙwashewa a cikin iska, abin da ido ba ya iya kamawa. A 1948 ya ɗauki hotonsa da ya fi shahara, na wata farar mujiya ta baje fukafukai tana ɗauke da abin da ta kamo. Irin wannan farar mujiya ce ke kwana cikin tsofaffin gine-gine a garuruwanmu, kuma yawancin abincinta ɓeraye ne, watau abokiyar manomi ce mai tsaron rumbu.

A 1956 da 1957 ya bi wata ƙungiyar masana ƙarƙashin Guy Mountfort zuwa Koto Donyana, wata babbar fadama a yankin Andalus na ƙasar Sifaniya, inda dubban tsuntsaye ke yada zango a hanyarsu tsakanin Turai da Afirka. Can ya hau doguwar rumfa cikin zafin rana ya ɗauki hotunan gaggafar Sifaniya a sheƙarta. Faɗin fukafukanta ya kai wajen mita 2. Babbar baƙa-baƙa ce mai farin gashi a kafaɗu, ƙaramar kuwa ja-ja ce ba farin kafaɗa, sai ta yi wajen shekara 5 kafin ta rikiɗe ta zama kamar iyayenta. Wanda bai sani ba sai ya ce iri biyu ne. Wannan shi ne wahalar gane manyan tsuntsaye: launi yana sākewa da shekaru, wani lokaci mace ta bambanta da namiji. Don haka masana ke duban girma, da siffar baki, da tsawon wutsiya, da yadda tsuntsu ke riƙe fukafukai in yana shawagi.

Littafin da Mountfort ya rubuta a kan tafiyar ya fito a 1958 da hotunan Hosking, ya taimaka ƙwarai wajen jawo hankalin duniya ga fadamar, wadda ake shirin busar da ita don noma. A 1969 gwamnatin Sifaniya ta mai da ita gandun da doka ta tsare. Gaggafar nan da ta ragu saura 'yan gomomin ma'aurata, yanzu ana ƙirga ɗaruruwa.

Bayan wannan ya je Bulgeriya da Jodan da Pakistan da waɗansu ƙasashe. A 1967, da aka ga mujiyar ƙanƙara ta yi sheƙa a tsibirin Fetlar can arewacin Sikotilan, karo na farko da aka tabbatar da haka a Birtaniya, ya je ya ɗauko hotunanta. Daga 1960 zuwa 1976 shi ne mai kula da hotuna a mujallar British Birds, wadda masana ke dogara da ita. A 1970 ya fitar da tarihin rayuwarsa mai suna An Eye for a Bird, sunan da ke tuna idon da ya bayar saboda tsuntsu. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta OBE a 1977. Ya rasu ran 22 ga watan Fabrairu, 1991, yana da shekara 81, bai daɗe da komowa daga kallon tsuntsaye a Kenya ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya gaji sana'ar.

To, 'yan'uwana ɗalibai, yau wayar da ke aljihun yayyenmu ta fi kyamarar Hosking ta farko sauƙin aiki, abin da ya rage shi ne haƙurin zama da lura. Iyayenmu za su shaida cewa gauraka da ungulu, waɗanda da ake gani ko'ina, yanzu sai an yi da gaske kafin a ga ɗaya. In hutu ya zo muka ga shamuwa ko zalɓe ko shirwa, mu ajiye danƙo, mu tsaya daga nesa, mu ɗauki hoto ko mu zana, mu rubuta rana da wuri, sa'an nan mu tambayi tsofaffi sunansa da halinsa tun suna nan da ransu.