John Charnley: Likitan Ƙashi da Ya Bi Sawun Kuskurensa

A ranar 29 ga Agusta, 1911 aka haifi John Charnley a garin Bury na ƙasar Ingila. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Manchester a 1935, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin likitan soja har a Masar. Bayan yaƙin ya duƙufa kan ciwon gaɓar ƙugu, wanda kan durƙusar da mutum da ransa. A asibitin Wrightington, tsohon wurin jinyar masu tarin fuka, ya kafa cibiyar tiyatar ƙugu.

Dabararsa ita ce a cire kan ƙashin cinya da ya lalace, a maye gurbinsa da na ƙarfe, sannan a dasa ƙoƙon roba a kwarmin ƙugu domin ƙarfen ya riƙa juyawa a ciki. Ya ƙanƙanta kan ƙarfen zuwa kimanin milimita 22 don rage gugar juna, ya kuma kafe sassan da wani siminti da ya aro daga likitocin haƙori.

Farkon lamarin bai yi daɗi ba. A ƙarshen shekarun 1950 ya yi ƙoƙunan da robar Teflon, ya dasa wa mutum wajen 300. Da fari suka miƙe suna murna, amma cikin 'yan shekaru robar ta zaizaye, ɓarɓashinta ya ci nama da ƙashi. Charnley bai ɓoye wannan ba. Ya sake yi wa majinyatan tiyata, ya gargaɗi sauran likitoci, har ya cusa ɓarɓashin a cinyarsa don ya ga illar da idonsa. A Nuwamban 1962 ya koma wata roba mai tauri, foliyetilin, bayan ma'aikacinsa Harry Craven ya gwada juriyarta. Daga nan aikin ya kankama.

Duk da haka bai saki jiki ba. Da fari ya hana a sayar da kayan ga likitan da bai zo ya koyi aikin a wurinsa ba. Ya gina ɗakin tiyata mai tace iska don rage ƙwayoyin cuta. Ya roƙi majinyata su bar masa wasiyyar ƙugunsu, domin ya duba yadda dashen ya zauna bayan mutuwarsu. A 1976, shi da Jesse DeLee suka raba kewayen ƙoƙon gida uku a hoton ƙashi, yadda likita zai gano siririn layin da ke nuna ƙoƙon ya fara girgiɗa. Har yau da wannan ma'auni ake aiki. An ba shi lambar girmamawa ta Sir a 1977, ya rasu ranar 5 ga Agusta, 1982.

Charnley ya yi ɗari-ɗarin yi wa matasa wannan aiki, don yawan zirga-zirga na saurin cinye robar. A nan labarinsa ya shafe mu. A ƙasarsa tsofaffi ne akasarin masu buƙata. A nan kuwa, cutar sikila kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya tun ana ƙuruciya, ga haɗurran hanya irin ta Kano zuwa Jos da ta ratsa dajin Falgore. Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna kimanin kashi 58 cikin ɗari na dashen ƙugu ne ke kai shekara 25. Ke nan matashin Kiru ko Bebeji da aka yi wa dashe yana ɗan shekara 25, ya koma gona da durƙuso da ɗaukar kaya, da wuya ya tsira daga tiyata ta biyu, wadda ta fi ta farko wuya da tsada.

Girgiɗar ƙoƙo kan fara ba tare da ciwo ba, hoto ne kaɗai ke tona ta. Manomin Tudun Wada ko Doguwa sai ya yi doguwar tafiya zuwa birni, inda Asibitin Ƙashi na Dala yake tun 1959, kafin ƙwararre ya duba shi. Ƙasar Suwidin ta buɗe rajistar dashen ƙugu ta ƙasa tun 1979, inda ake bin kowane dashe har ƙarshensa. Ya kamata masu neman ƙuri'ar Kano ta Kudu su faɗa mana wa ke riƙe da irin wannan lissafi a nan, wa kuma zai biya kuɗin tiyata ta biyu idan lokacinta ya yi.