Tarihin Janar Seyni Kunce, soja kuma shugaban ƙasa

A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo tarihin marigayi Janar Seyni Kunce, domin yaranmu da yawa sun san sunan ne kawai a jikin babban filin wasanni na Yamai, alhali dattawanmu sun yi shekara 13 a ƙarƙashin mulkinsa, sun ɗanɗani daɗinsa da ɗacinsa.

An haife shi a 1931 a Fandu, cikin ƙasar Filinge, a gidan sarautar Zabarmawa. Ya yi karatu a makarantar ƴaƴan soja ta Kati a ƙasar Mali ta yanzu, da kuma San Luwi ta Senegal. A 1949 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin da na Aljeriya. Ya samu galan saje a 1957, daga baya ya zama hafsa. Da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, sai ya dawo cikin sabuwar rundunar ƙasa a 1961, ya yi ta hawa mataki bayan mataki, har aka naɗa shi babban hafsan sojoji a 1973.

A wannan lokaci fari ya riga ya ci ƙasa. Dattawanmu ba su manta da yadda shanu suka ƙare ba, rumbuna suka zama wayam, mutane suka bar garuruwa suna neman abin kai wa baki. Ana ta maganar hatsin agaji da ba ya isa hannun talaka. Daren 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. A wannan dare aka rasa rayuka, cikinsu har da matar shugaban, Hajiya A'isa. Kunce, yana laftanan kanar, ya zama shugaban Majalisar Ƙoli ta Soja. Aka jingine tsarin mulki, aka rushe majalisar dokoki, aka hana jam'iyyu. A cikin shekarar ne kuma sojojin Faransa suka bar ƙasar.

Aikinsa na farko shi ne abinci. Motocin soja suka shiga karkara da hatsi, kuma wannan ne ya sa talakawa da yawa suka karɓe shi hannu biyu. Ya yi sa'a kuɗin yuraniyom ya tashi, ga ma'adinin Arlit, ga na Akuta da aka buɗe a 1978. Da wannan arziki aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka gina makarantu da ɗakunan shan magani, aka kuma soke kuɗin kai, wato lanho, wanda ya daɗe yana korar magidanta daga gida. A zamaninsa aka farfaɗo da samariya, aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, da bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976.

Mutum ne mara wasa da aiki. Yakan faɗo wa ma'aikata ba sanarwa, wanda ya tarar bai zo ba ko ya taɓa dukiyar gwamnati, to ya shiga uku. Har yau idan aka ga sakaci a ma'aikata, tsofaffi sukan tuna da shi.

Amma ba za mu faɗi rabin magana mu bar rabi ba. Mulkinsa mulkin tsoro ne, mutum ba ya sakin baki ko a majalisar ƙofar gida. Diori ya yi shekaru a tsare a Damagaram, sannan aka yi masa ɗaurin talala a Yamai. Jibo Bakari da ya dawo daga gudun hijira a 1974, an kama shi a 1975. Mataimakin Kunce kansa, Sani Suna Siddo, an kama shi a 1975, kuma a tsare ya rasu. Bayan yunƙurin juyin mulki na Maris 1976 an harbe waɗanda aka ce su ne jagorori. A Oktoba 1983 yana taro a Faransa, na hannun damansa Amadu Umaru Bonkano ya nemi kifar da shi, abin bai yi ba, ya tsere.

Daga 1980 zuwa gaba farashin yuraniyom ya faɗi, bashi ya yi nauyi, aka shiga tsuke bakin aljihu. Ƴan ci-rani sun san sauran labarin. A 1983 Nijeriya ta kori baƙi, a 1984 ta rufe iyaka, ga kuma wani farin, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. A wannan shekara ta 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawarin dasa itatuwa. Ta fuskar siyasa ya ɗan sassauta, ya naɗa farar hula Mamman Umaru firaminista a Janairu 1983, sannan Hamid Algabid a Nuwamba, kuma a Yuni 1987 jama'a suka jefa ƙuri'ar amincewa da Yarjejeniyar Ƙasa.

Sai dai ciwo ya riga ya kama shi, ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Ya rasu a wata asibitin Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987 yana da shekara 56, aka kai shi Fandu aka rufe. Kanar Ali Shaibu ya gaje shi, ya kuma saki fursunonin siyasa.

A garinmu har yanzu ra'ayi biyu ne a kansa. Wasu suna tuna hatsin da ya iso da lanhon da aka yafe, wasu suna tuna bakin da aka rufe. Muna roƙon dattawa su zauna da yara su ba su duka biyun, su kuma aiko mana da abin da suka gani da idonsu don fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka.