Georges Cuvier: Masanin da ya gano tsohon dangin birai bai gane shi ba

A farkon shekarun 1820, masanin dabbobi ɗan ƙasar Faransa, Georges Cuvier, ya bincika wasu ƙasusuwan kai da haƙora da aka tono daga ramukan haƙar dutsen filasta na Montmartre a birnin Paris. Ya raɗa wa dabbar suna Adapis, ya kuma saka ta cikin dabbobi masu kofato da kaurin fata.

Sai a shekarun 1870, bayan rasuwarsa, masana suka tabbatar cewa ƙaramar dabba ce daga tsofaffin dangin birai, mai kama da lemur na tsibirin Madagaska, wadda ta rayu fiye da shekara miliyan 30 da suka wuce.

An haifi Cuvier a garin Montbéliard ranar 23 ga Agustan 1769. Ya yi karatu a Stuttgart da ke Jamus, ya koyar a gidan wani attajiri a Normandy, sannan ya isa Paris a 1795.

Shekara guda bayan haka ya gabatar da binciken da ya fito da sunansa. Ya kwatanta muƙamuƙin giwar Afirka da na giwar Indiya da na wata giwa mai gashi da ake tonowa a Siberiya, ya nuna jinsi uku ne daban, kuma na ukun ya ƙare a duniya. A lokacin, da yawa ba su yarda wani jinsi zai iya shuɗewa gaba ɗaya ba.

Duk da haka, ya ƙi amincewa cewa halittu na sauya kama a tsawon zamani, ya kuma yi ta sa-in-sa da Lamarck a kan haka.

Akwai tabon da ba a mantawa da shi. Da Sarah Baartman, 'yar ƙabilar Khoekhoe ta Afirka ta Kudu da aka riƙa nunawa a Turai kamar abin kallo, ta rasu a Paris a 1815, Cuvier ne ya feɗe gawarta, ya yi rubutun da ya kwatanta ta da birai. Wannan wulaƙanci ne da aka lulluɓe da rigar ilimi. An ajiye sassan jikinta a gidan tarihi, ba a mayar da su gida ba sai 2002.

Cuvier ya riƙe muƙamai a zamanin Napoleon da sarakunan da suka biyo baya. Ya rasu a Paris ranar 13 ga Mayun 1832, lokacin da annobar kwalara ke addabar birnin.