Helmuth von Moltke (1800–1891)

An haifi Moltke a garin Parchim, cikin Jamus ta yau, a shekarar 1800. Da ya zama shugaban hafsoshin sojan Prusiya a 1857, ya lura cewa rundunonin zamaninsa sun yi yawan da hanya ɗaya ba za ta ɗauke su ba. Sai ya riƙa rarraba su, yana kwasar mayaƙa da jirgin ƙasa, yana aika umarni ta wayar tangarahu, ba sa haɗuwa sai a fagen fama. Dabarar kasada ce, domin abokan gaba na iya murƙushe kowace runduna ita kaɗai. Duk da haka, da ita ya ci Ostiriya a 1866, sannan Faransa a yaƙin 1870–1871. Ya rasu a Berlin a 1891.